William Shakespeare: Ɗan badukun da ya ɗora wa manya alhakin mutuwar Romeo da Juliet

A ranar 23 ga watan Afrilun shekara ta 1616 ne William Shakespeare ya rasu a garin Stratford-upon-Avon da ke tsakiyar ƙasar Ingila, yana da shekaru 52 a duniya. Fiye da shekaru 400 bayan rasuwar tasa, har yanzu ɗalibai daga Landan zuwa Delhi da Accra da Kano na shiga ɗakin jarrabawa domin amsa tambayoyi a kan wasannin kwaikwayon da ya rubuta. Daga cikin wasannin nasa kimanin 38, babu wanda sunansa ya shiga bakin jama'a kamar Romeo and Juliet, labarin saurayi da budurwar da suka rasa rayukansu a tsakiyar gabar da ke tsakanin gidajen iyayensu.

Shakespeare dai ba shi ne ya ƙago wannan labari ba. Ya tarar da shi ne a rubuce, ɗauke da gargaɗi ga 'ya'yan da ke bijire wa iyayensu. Aikin da ya yi shi ne ya sauya masa alƙibla, ta yadda a ƙarshen wasan manyan gari ne ke tsaye a gaban gawarwakin 'ya'yansu ana yi masu hisabi.

Haihuwa da ƙuruciya

Littafin rajistar majami'ar Holy Trinity da ke Stratford ya nuna cewa an yi wa Shakespeare baftisma a ranar 26 ga watan Afrilun 1564, kwanaki kaɗan bayan haihuwarsa. A wannan shekara ce annoba ta shiga garin ta hallaka mutane fiye da 200, amma jaririn ya tsira. Shi ne na uku a cikin 'ya'ya 8, kuma babba a cikin waɗanda suka rayu, kasancewar yayyensa mata biyu sun rasu tun suna jarirai.

Mahaifinsa John Shakespeare baduku ne da ke ɗinka safar hannu ta fata, yana kuma taɓa fataucin gashin tumaki. Mahaifiyarsa Mary Arden kuwa 'yar wani manomi ce mai hali daga ƙauyen Wilmcote. John ya yi ta samun ɗaukaka a majalisar garin har ya kai ga muƙamin da ya yi daidai da na magajin gari a shekarar 1568. To sai dai daga wajejen 1576 al'amura suka fara juya masa baya, bashi ya yi masa katutu, ya daina halartar zaman majalisa, har ta kai a 1592 an sanya sunansa cikin jerin waɗanda ba sa zuwa coci saboda tsoron kada a kama su kan bashi.

Masana tarihi na ganin cewa a makarantar garin da ake kira King's New School ne yaron ya yi karatu, inda 'ya'yan 'yan majalisa ke shiga kyauta. Karatun irin waɗannan makarantu kusan kacokan da harshen Latin ake yin sa, tun daga sassafe har yamma, da hadda da fassara da koyon dabarun magana. Daga cikin marubutan da ake karantawa har da mawaƙin Rumawa Ovid, wanda ya ba da labarin Pyramus da Thisbe, wasu masoya a birnin Babila da iyayensu suka hana su aure, kowannensu ya kashe kansa bisa kuskuren fahimta. Shakespeare bai taɓa shiga jami'a ba.

Auren gaggawa

A ƙarshen watan Nuwamban 1582 aka ba shi takardar izinin auren Anne Hathaway, 'yar wani manomi daga ƙauyen Shottery. Shekarunsa 18 a lokacin, ita kuma 26. An yi auren ne cikin hanzari, domin sau ɗaya aka yi shelarsa a coci maimakon sau uku da aka saba, kuma watanni shida bayan nan, a watan Mayun 1583, aka haifi 'yarsu ta fari Susanna. A watan Fabrairun 1585 suka sami tagwaye, Hamnet da Judith. Ke nan kafin ya cika shekaru 21 ya riga ya zama uban 'ya'ya uku, a gidan da tattalin arzikinsa ya durƙushe.

Daga nan sai sunansa ya kusan ɓacewa daga takardu har tsawon shekaru 7. A shekarar 1592 aka sake jin ɗuriyarsa a birnin Landan, lokacin da wani ɗan littafi da aka buga da sunan marubuci Robert Greene ya yi masa habaici, yana kwatanta shi da hankakan da ya ari gashin wasu tsuntsaye, wato ɗan wasan da bai yi jami'a ba amma yake neman gogayya da masu ilmi. Wannan suka dai ta nuna cewa a lokacin ya riga ya fara suna.

Landan a lokacin annoba

Birnin Landan na wancan zamani na da mutane kusan 200,000, kuma gidajen wasan kwaikwayo sabon abu ne a cikinsa. A 1576 James Burbage ya gina wanda ake kira The Theatre a unguwar Shoreditch, a wajen ganuwar birni, saboda hukumomin birnin na kallon wasan a matsayin matattarar zauna-gari-banza. Da rana tsaka ake yin wasa, a fili marar rufi, talaka ya biya kwabo ɗaya ya tsaya da ƙafafunsa, mai hali kuma ya ƙara kuɗi ya sami wurin zama. Mata ba sa hawa dandamali, don haka yara maza waɗanda muryarsu ba ta buɗe ba su ne ke fitowa a matsayin mata.

Daga 1592 zuwa 1594 annoba ta sa an rufe gidajen wasa kusan baki ɗaya, bayan da ta kashe mutane fiye da 10,000 a birnin. Hukuma kan garƙame duk gidan da cutar ta ɓulla, da masu lafiya da marasa lafiya a ciki. A wannan tsakani Shakespeare ya koma ga rubuta waƙa, ya wallafa Venus and Adonis a 1593 da The Rape of Lucrece a 1594, ya sadaukar da su ga wani matashin basarake, Henry Wriothesley na Southampton. Da aka buɗe gidajen wasa a 1594 sai ya shiga ƙungiyar Lord Chamberlain's Men a matsayin ɗan wasa, marubuci, kuma mai hannun jari, tare da fitaccen ɗan wasa Richard Burbage da ɗan barkwanci Will Kemp. A wajejen 1595 ne akasarin masana ke ganin ya rubuta Romeo and Juliet.

Labarin da ya gada

Asalin labarin daga ƙasar Italiya yake. A 1476 Masuccio Salernitano ya rubuta makamancinsa a kan wasu masoya a birnin Siena. Wajejen 1530 aka buga na Luigi da Porto, wanda ya mayar da shi birnin Verona, ya kuma raɗa wa masoyan sunayen da aka san su da su. Matteo Bandello ya sake rubuta shi a 1554, Pierre Boaistuau ya fassara shi zuwa Faransanci a 1559, sannan a 1562 wani matashi Bature mai suna Arthur Brooke ya mayar da shi doguwar waƙar Ingilishi mai ɗango 3,020. Wannan waƙa ce Shakespeare ya ɗora aikinsa a kanta.

A gabatarwar da Brooke ya yi wa waƙar tasa, ya fito fili ya ce ya kawo labarin ne domin ya zama izina. Ya zargi masoyan biyu da bin son zuciya, da watsi da shawarar iyaye da 'yan'uwa, da neman shawara a wurin tsofaffin mata 'yan gulma da malaman cocin Katolika masu camfi, da kuma yin aure a ɓoye. Duk da cewa cikin waƙar kanta ya fi nuna masu tausayi, hukuncin da ya rufe ta da shi ya faɗa ne a kan ƙananan mutane: an rataye mai sayar da guba, an kuma kori mai renon Juliet daga gari.

Shakespeare ya yi manyan sauye-sauye guda uku. Na farko ya rage lokaci: abin da ya ɗauki kimanin watanni 9 a wurin Brooke, shi ya cusa shi cikin kwanaki 4 zuwa 5, daga safiyar Lahadi zuwa asubahin Alhamis, cikin zafin watan Yuli. Na biyu ya rage shekarun Juliet daga kusan 16 zuwa ƙasa da 14, alhali a Ingila ta wancan lokaci yawancin mata sai sun haura shekaru 20 suke aure, saboda haka masu kallo yarinya ƙarama suke gani a gabansu. 'Yarsa Susanna na da kimanin shekaru 12 a lokacin. Na uku ya fito da gabar gidajen biyu tun a fitowar farko, ya kuma raya Mercutio, abokin Romeo, wanda a waƙar Brooke sau ɗaya tak ya bayyana.

Yadda wasan ya gudana

Wasan mai kashi 5 ya buɗe ne da faɗa a kan titin Verona tsakanin barorin gidan Montague da na gidan Capulet, har sai da sarkin birnin, Escalus, ya yi barazanar kisa ga duk wanda ya sake ta da fitina. A daren ranar Romeo ɗan gidan Montague ya rufe fuskarsa ya shiga walimar gidan Capulet, ya ga Juliet, suka kamu da son juna kafin kowannensu ya san ko ɗan gidan wa ne ɗayan. Washegari wani malamin coci mai suna Laurence ya ɗaura masu aure a asirce, da fatan auren zai sasanta gidajen biyu.

A yinin ranar ne Tybalt, ɗan kawun Juliet, ya soke Mercutio a daidai lokacin da Romeo ke ƙoƙarin raba su. Romeo ya fusata ya kashe Tybalt, sarki ya kore shi daga gari, ya tafi Mantua. Mahaifin Juliet, wanda bai san da auren ba, ya sa ranar aurenta da wani basarake mai suna Paris. Da ta ƙi, sai ya yi rantsuwar zai kore ta ta shiga duniya. Mahaifiyarta ta juya mata baya, mai renonta kuma ta ba ta shawarar ta manta da Romeo.

Laurence ya ba ta wani magani da zai sa ta kwanta kamar matacciya na tsawon sa'o'i 42, ya kuma aika wa Romeo wasiƙar bayani. Wasiƙar ba ta isa ba, domin an kulle ɗan aiken a wani gida da ake zargin annoba ta shiga, abin da mutanen Landan na lokacin suka sani sarai. Labarin mutuwa kawai ya iske Romeo. Ya sayi guba, ya dawo Verona, ya kashe Paris a bakin makwancin zuriyar Capulet, ya sha gubar a gefen matarsa. Da Juliet ta farka ta ga gawarsa, sai ta soke kanta da wuƙarsa. A wannan dare baƙin ciki ya kashe mahaifiyar Romeo. Rayuka 6 ke nan suka salwanta, 5 daga ciki matasa.

Wa ke da laifi?

Wannan ita ce tambayar da malaman adabi suka fi yi wa ɗalibai, kuma wasan ya ba da hujjoji ta fuskoki da dama. Waƙar da aka buɗe shi da ita ta sanar da masu kallo tun farko cewa masoyan za su mutu, ta kuma danganta hakan da taurari, wato ƙaddara. Gaggawar matasan ma a fili take, domin Romeo da ya wayi gari yana kukan son wata mai suna Rosaline, kafin dare ya raba ya manta da ita. Kashe kai kuwa, ga mutanen Ingila na lokacin, babban zunubi ne kuma laifi a gaban doka, wanda kan sa a ƙwace dukiyar mamacin a kuma hana shi jana'izar coci. Don haka masu kallon farko ba su ɗauki ƙarshen wasan a matsayin abin sha'awa ba.

Amma duk wanda ya bi wasan a tsanake zai ga inda marubucin ya fi aza nauyi. Daga farko har ƙarshe babu inda aka faɗi dalilin gabar. Barori da matasa na zubar da jini a kan abin da suka gada ba tare da sanin tushensa ba. Capulet, wanda a kashi na ɗaya ya ce wa Paris ya dakata shekaru biyu kuma sai 'yarsa ta amince, shi ne a kashi na uku ya tilasta mata, daga bisani ma ya matso da ranar auren da kwana ɗaya, abin da ya dagula shirin Laurence. Shi kansa Laurence, wanda ke yi wa Romeo nasiha a kan illar sauri, da ya ji motsin masu gadi sai ya tsere ya bar Juliet ita kaɗai da gawa. Kowane babba da yarinyar ta nufa da kukanta ya ba ta kunya.

A fitowar ƙarshe sarki bai tsaya la'antar mamatan ba. Ya kira iyayen biyu ya nuna masu abin da ƙiyayyarsu ta jawo, ya kuma amsa nasa laifin na kawar da kai daga rikicin, wanda ya ci masa 'yan'uwa biyu, Mercutio da Paris. Iyayen suka yi musafaha, kowanne ya yi alkawarin gina mutum-mutumin zinariya na ɗan ɗaya gidan. Sulhun ya zo, amma ihu ne bayan hari, domin gidajen biyu sun rasa magada.

Ta fuskar salo ma akwai abin lura. Kalmomin farko da Romeo da Juliet suka yi musaya sun haɗu sun ba da cikakkiyar waƙar soyayya mai ɗango 14, irin wadda ake yayi a zamanin. Kazalika rabin farko na wasan cike yake da raha da barkwanci, sai da Mercutio ya faɗi sannan komai ya rikiɗe. A kusan wannan lokaci ne kuma Shakespeare ya rubuta A Midsummer Night's Dream, inda ya mayar da labarin Pyramus da Thisbe abin dariya.

Ɗaukaka da rashi

An fara buga Romeo and Juliet a 1597, sannan aka fito da bugu mafi cika a 1599. Shekarun sun zo wa marubucin da daɗi da ɗaci. A watan Agustan 1596 aka binne ɗansa namiji tilo, Hamnet, yana da shekaru 11. A wannan shekara ce aka ba mahaifinsa tambarin gida irin na masu daraja, kana a 1597 ya sayi New Place, gida na biyu mafi girma a Stratford. A 1599 ƙungiyarsu ta gina gidan wasa na Globe a kudancin kogin Thames da katakon tsohon gidansu na Shoreditch.

Bayan rasuwar Sarauniya Elizabeth ta ɗaya a 1603, Sarki James ya ɗauki nauyin ƙungiyar, aka sauya mata suna zuwa King's Men. A tsakanin 1599 da 1606 ne ya rubuta Julius Caesar da Hamlet da Othello da King Lear da Macbeth. Batun uba da 'yarsa da zaɓin miji bai rabu da alƙalaminsa ba, domin ya sake ɓullowa a Othello da King Lear da The Tempest. A 1609 aka wallafa gajerun waƙoƙinsa 154. A ranar 29 ga watan Yunin 1613 gobara ta cinye Globe ana tsakiyar wasan Henry VIII, kuma daga wannan lokaci ya ja da baya daga rubutu.

Shi ma ya ɗanɗani damuwar uba a kan auren 'ya. Susanna ta auri likita John Hall a 1607, amma auren Judith da Thomas Quiney a watan Fabrairun 1616 ya zo da abin kunya, bayan da aka gurfanar da angon a kotun coci kan yi wa wata mata ciki. A ranar 25 ga watan Maris Shakespeare ya gyara wasiyyarsa, ya tsara rabon Judith ta yadda mijin ba zai iya taɓa shi yadda ya ga dama ba. Bai cika wata guda ba bayan haka ya rasu, aka binne shi a majami'ar da aka yi masa baftisma. Matarsa Anne ta rasu a 1623, zuriyarsa kuma ta ƙare da rasuwar jikarsa Elizabeth a 1670.

Bayan rasuwarsa

A 1623 abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka tattara wasanninsa 36 a kundi ɗaya. Da ba don su ba, da 18 daga ciki, har da Macbeth da The Tempest, sun iya salwanta, domin ba a taɓa buga su ba kafin nan. Sai bayan 1660 ne mata suka fara hawa dandamali a Ingila har mace ta fito a matsayin Juliet. A 1748 David Garrick ya gyara ƙarshen wasan ta yadda Juliet ke farkawa kafin Romeo ya cika su yi bankwana, kuma kusan shekaru 100 aka yi ana nuna shi haka.

Daga nan labarin ya bazu a duniya, kowace al'umma na cusa tata gabar a cikinsa. A ƙarshen ƙarni na 19 Najib al-Haddad ya mayar da shi Larabci aka nuna shi a Masar, a yankin da dama aka san ƙissar Laila da Majnun tun ƙarnoni da dama kafin Shakespeare. A Amurka wasan West Side Story na 1957 ya mayar da gidajen biyu gungun matasa a birnin New York. A Indiya fim ɗin Qayamat Se Qayamat Tak na 1988, wanda ya fito da Aamir Khan, ya bi wannan sawu. A 2012 wata ƙungiya daga Iraƙi ta kai Stratford wasan da aka tsara a birnin Bagadaza, tsakanin gidan Sunni da na Shi'a.

A nahiyar Afirka, Julius Nyerere na Tanzaniya ya fassara Julius Caesar da The Merchant of Venice zuwa Swahili, yayin da marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, ta daɗe tana sanya wasannin Shakespeare a manhajar adabin Ingilishi. Ɗalibin da ya tashi a inda ake muhawara a kan auren dole, ko inda rikicin gado da na ƙabilanci ke raba zumunci, ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya gane halin da Juliet ta shiga a ranar da mahaifinta da mahaifiyarta da mai renonta suka juya mata baya ɗaya bayan ɗaya.